Balbela a Immokali

Ƙasar nan shimfiɗe take kamar faifai,
babu tudun da zakara zai hau ya yi cara.
Ruwa ba ya gudu a nan, tafiyar mai tsohon ciki yake yi,
yana ratsa ciyawa mai bakin zarto
har ya manta inda ya nufa.

Na sauka kudancin Fulorida da jakar allurai
da takardar da ta ce ni likitan dabbobi ne.
Rufus ya dubi takardar, ya dubi takalmina,
ya ce takalmin ba zai kai azahar ba.
Bai kuwa kai ba.

Shanun Saminol ba su da tozo,
kallon rashin yarda suke yi wa baƙo.
Muna tsaye cikin taɓo har ƙwauri,
sauro na karɓar jangalinsa a wuyana,
sai ga ta ta sauka bayan wata karsana,
fara fat, wuya kamar mariƙin ludayi.
Na ce, ke ma?
Wa ya buga miki biza?
Wa ya biya miki jirgi daga fadamar Haɗeja?
Ko kallo ban ishe ta ba. Tsutsa take nema.

Kakar Rufus, Idella, tana ƙarƙashin rumfar kaba
wadda ba ta da bango ko ɗaya.
Ta ce bango na wanda ke da abin ɓoyewa ne.
Keken ɗinkinta na cin ƙyallaye,
ja, rawaya, baƙi, siriri kamar yatsa,
yana amayar da siket mai layin walƙiya.
Ta miƙo mini kunun masara a ludayin katako,
ba sukari, ba tsamiya.
Na kurɓa, harshena ya yi cigiyar gida.

Ta tambaye ni dangin uwata.
Na ce mu da uba muke lissafi.
Ta yi dariya har zare ya kuɓuce:
uba ai baƙo ne da ya daɗe bai tafi ba.

Sannan ta ce, ba mu muka zaɓi ruwan nan ba.
Soja ya biyo kakanninmu,
suka shige inda doki ba ya iya sa ƙafa,
kada ya zama maƙwabci, sauro ya zama mai gadi.
Da aka gaji da neman mu
sai aka dawo neman ruwan.
Aka haƙa masa hanyoyi miƙaƙƙu kamar layin littafi,
aka kai shi ga tumatir da rake.
Yanzu in ta yi wa jikokinta magana da harshen uwarta
da Turanci suke maido mata canji.

Ban ce komai ba.
Na tuna 'yata Hajjo a Tamfa,
yadda take cewa lafiya lau
kamar mai tauna tsakuwa a shinkafa.

Daren Talata wata saniya ta kasa haihuwa.
Rufus ya riƙe tocila, hannuna ya shige har kafaɗa,
can bakin kwata idanu biyu jajaye suna jiran rabonsu.
Ƙafa ɗaya ta lanƙwashe. Na lallaɓa ta, na miƙe ta.
Da maraƙin ya sulluɓo, jiƙe, yana tururi,
na ce alhamdu lillahi,
Rufus ya faɗi wani abu gajere da nasu.
Bai tambaye ni fassara ba, ban tambaye shi ba.

Gari ya waye muna zaune a bayan mota,
wandona ya bushe da jini da laka.
Balbelu suka taso daga gabas, bakwai ko takwas,
suka zagaye maraƙin da bai gama koyon tsayuwa ba.
Rufus ya ce kakarsa na kiransu baƙi,
wai tana yarinya babu su.
Na ce, ka bar su, 'yan garinmu ne.
Ya ce to ka gaya musu
Alhamis akwai rigakafi, ƙarfe shida,
kuma ka sayi takalmin kirki.