Tikitin Zuwa Duhu

Shekara goma sha ɗaya ina yanka wa mutane tikiti
a wani ofis mai fanka ɗaya, bayan Kantin Kwari.
Na san kuɗin Jidda a goman ƙarshe,
na san Dubai, na san Gwanzu ta 'yan kasuwa,
na san Alƙahira ta masu ciwon ƙoda.
Ni kuwa iyakacina Wudil,
ita ma gaisuwar mutuwa ce ta kai ni.

Wata Laraba, bayan la'asar,
Injiniya Sammani ya shigo da lema a hammata,
tsohon ma'aikacin ruwa na Tamburawa.
Ya ajiye takarda mai ninki huɗu a teburina,
ya ce, "Baraka, duba min kuɗin zuwa duhu."

Na ɗauka kunnena ne.

Ya warware ta. Rubutun hannu, jan biro.
Atakama, can ƙasar Cile,
inda hadari kan shekara bai leƙo ba.
Hamadar Namib, mai yashi kamar garin tattasai.
Wadi Rum ta Urdun.
Wani tafki a Niyuzilan,
wai mutanen garin sun sa wa fitilunsu hula
don kada su dami sama.
Can ƙasa ya ja layi biyu:
Tenere, gaba da Agadas,
"wannan ko a mota, in hanya ta kwanta."

Na ce, "Baba, duhu kuma?
Mu da Nepa ke auna mana shi kullum
har da gyara?"

Bai yi dariya ba.
Ya ce, "Wancan rashin wuta ne, 'yata.
Duhun gaske ba ya warin fetur,
ba ya tari kamar janareton maƙwabci.
Ina yaro a Gwale, bisa soro muke kwana da bazara.
Innarmu Tasalla ta kama yatsana,
ta nuna min Kaza da 'ya'yanta,
ta ce in na ƙirga su daidai za ta ƙara min fura.
Ga Zara tana rakiyar wata,
Gamzaki kuwa shi ke tashin ladan.
Sama cike, kamar an ɓarar da buhun gero a baƙar tabarma.
Yanzu likita ya ce yana ta fara rufe min na hagu,
na dama ma yana bin sawu.
So nake in sake ƙirgawa."

Na danna, na danna.
Alƙaluman suka fito, sifili na bin sifili.
Na juya masa fuskar kwamfutar don bakina ya ƙi faɗa.
Ya ɗaga tabarau, ya daɗe yana dubawa,
ya ce, "Fanshon wata hamsin da bakwai."
Ya ɗauki lemarsa.
Takardar ya bari, ban sani ba ko mantuwa ce.

Daren nan a Kurna aka ɗauke wuta tun magariba.
Na hau saman benen da ba a gama ba,
tsakanin rodi da tankin ruwa,
na kashe waya, na ɗaga kai.
Kano tana huci ta ko'ina,
sama ta yi ja-ja kamar idon wanda bai yi barci ba.
Fitilun sola, allon talla, tocilan masu shayi,
kowa na harba haskensa sama ba da niyya ba.

Na ƙirga.
Tara.
Na sake, har yanzu tara,
sai ɗaya ta motsa, tana ƙyafta ja da kore,
ta nufi gabas.
Jirgin ƙarfe goma ne.
Ni na yanka wa mutum shida a cikinsa,
kuma na san duk sun ja labulen taga.

Takwas ke nan.

Takardar tana cikin durowata, ƙarƙashin hatimi.
In ciniki ya lafa, fanka na juyawa a banza,
nakan buɗe Atakama in duba ko ta sauko.
Inda aka ce fasinja nawa,
ban san ranar da na fara rubuta biyu ba.