Soro da Kududdufi

Jazuli ya turo hoto daga Jamus,
ƙanwarsa ta miƙo mini wayar ina tsakar alwala.
Na ce matso da shi, idon ya fara cin amana.
Wata fada ce mai ruwan ƙwai,
tagogi a jere kamar haƙoran mataji.

Ya ce, Kaka, gidan sarakunansu ne na da.
Zuriya ɗaya, shekaru ɗari bisa ɗari,
su suka raini ƙaramin garin bakin kogi
har ya yi gemu ya zama birni.
Yaƙi ya ci sarautar,
daga baya aka rushe gidan har gindi,
yau jikokin talakawa sun sake tada shi,
ba sarkin da zai kwana ciki.

Na ce tambaye shi, ina ramin?
Yarinya ta yi dariya, wai wane rami?

Ke ba ki sani ba.
Ubana Barmo ya faɗa mini ina ɗan tara,
kwaɓi bisa kaina, yana zubo mini a wuya:
duk soron da ka ga ya yi zanko yana hararar sama,
akwai raminsa cikin gari, daidai tsayinsa.
Kududdufin bayan gidanmu, wajen Ƙofar Guga,
inda kwaɗi ke hana mu barci,
ba ruwa ya haƙa shi ba.
Katangar fada ce, a kife.

Tubali nawa na mulmula? Allah ya sani.
Na jiƙa makuba har farcena ya rine,
na ɗaura azara, na tanƙwara bakan gizo,
ladan wuni tuwo da goro biyu.
Kakana yatsu huɗu gare shi a dama,
azara ta cinye na biyar.
Akwai wani zaure can ciki, hagu da shiga,
inda tafinsa ya zauna a yaɓe.
Nakan sa nawa a kai in ba mai gani.
An shafe shi da siminti shekarar da aka haifi uwarki.

Sarauta ta sauya gida a garin nan
ba sau ɗaya ba.
Wasu sun yi arewa da tambarinsu a zuci,
wasu an sauke, wasu an ɗora.
Amma kowa ya zauna,
da gajimare ya fara haɗuwa a gabas
sai ka ji sallama a ƙofarmu:
a zo a duba indararo.

Kada ki ce na raina su.
Gari ba fada, tukunya ce ba marfi.
Na ga ranar da aka yi rashi a gidan,
kasuwa ta ci da raɗa,
mahauta suka kife jawo,
ni ma da ba a san sunana ba a ciki
na kasa haɗiye fura.
Su suka ba garin suna a bakin baƙo,
mu muka ba su inuwa.
Wa ya goyi wani? Tambayi zane.

Bara aka cike kududdufin, aka dasa shaguna.
Da Agusta ta zo, ruwa ya nemi gidansa bai samu ba,
ya shigo namu, ya kwana ƙarƙashin gadona.
Ban yi fushi da shi ba.
Ni ma na san zafin a shafe ka.

Rubuta wa Jazuli:
ginin ya yi kyau, Allah ya sa albarka a hannun magina.
Amma ran da ba shi da karatu
ya bar 'yan kallo a ƙofar gaba,
ya zaga bayan gari, ya tambayi tsofaffi
inda aka fasa dutsen.
In ya samu, ya cire takalmi.
Ya yi sallama, ko da ba a amsa ba.

Ki kuma ce ya sayi rigar sanyi mai kauri,
na ga wuyansa a hoton.

Miƙo mini butar.
Alwalar ta bushe, sai na sake.