Kafin Naƙuda

Barira, ajiye tsintsiyar nan ki zauna,
watanki tara ya zo bakin ƙofa.

Ni na wanke zanen Tasallah a Rafin Daɗi,
ruwa uku, jan bai fita ba.
Da isha aka rangaɗa mata guɗa,
kafin assalatu ta daina amsawa.

Ke kam kin je awo, malama ta leƙa idonki,
ta ce za ta zo, ko tsakar dare a buga.
Ƙwayar ƙarin jini, ko tana tashin zuciya, haɗiye.
Ga zogale, ga hanta daga Ƙofar Marusa.

Ukun nan da ta bayar suna bakin mayafina,
sai ɗa ya faɗo, an tabbata babu na biyu.
Kada mai gaggawa ta ja mabiyiya.
A sa shi a nono,
a murza mara har ta yi tauri.

Talle ya cika tankin kekensa tun jiya.
An gwada jinin Ilu, irin naki ne.
In zane ya jiƙe, ba jiƙo, ba jiran gari ya waye,
sai asibiti.

Saura na Allah ne.
Tashi, tuwonki na hucewa.