Ramin Hawaye

Ɗigo ɗaya, a ƙirga bakwai, sai wani ɗigon.
Haka na tarar da shi ran Talata a tashar Horta,
ina durƙushe a cikin jirgin Baba, tocila a bakina.
Ruwa ya kwanta ƙarƙashin inji, cikin tafin hannu.
Na tsoma yatsa, na lasa: gishiri.
To, teku ta sami ƙofa.

Jirginmu na iska ne, inji ɗan rakiya,
shi ke maido mu gida ran da iska ta yi yaji.
Sai dai ɗan rakiyar nan ƙishirwa gare shi,
da ruwan teku yake sanyaya cikinsa,
wani fanfon tagulla, bai fi dunƙulen hannu ba, ke ba shi sha.
Yau fanfon ya yi gemu, fari da kore.

Baba Anselmo na zaune a kan matakala,
hannuwa cikin aljihu, don kar in ga rawarsu.
"Graciete, kin rufe bawul?"
Na rufe.
"Sake dubawa. Wanda ya manta bawul, kifi ke tuna masa."

Sukurori shida a murfi.
Biyar suka biyo ni da lalama,
na shida ya kafe, shekara sha tara bai motsa ba.
Na ɗiga masa mai, na sha kofi, na dawo,
na ƙwanƙwasa shi a hankali, kamar mai sallama gidan surukai.
Ya yi ƙara, ya saki.

Farfelar roba mai kunne shida,
biyar na ƙirga.
"Nemo ɗayan," in ji Baba,
"abin da ya ɓace a ciki bai ɓace ba, jira yake."
Na zare bututu, na bi shi da waya,
ga shi can ya maƙale, baƙi, kamar ɗan kankana.

Amma ba shi ne mai laifin ba.
A bayan fanfo akwai ɗan rami da maƙera suka bari da gangan.
"Ramin hawaye," in ji Baba.
"In zoben ciki ya gaji, ruwa ya fito fili,
kar ya bi ta ɓoye ya gauraya da man inji."
Na ɗago kai, sifana a hannu.
Yana kallon dutsen Pico ta ƙofa, idonsa a bushe,
yadda yake tun ranar da muka binne Mama.
Na koma kan aikina.

Sandar fanfon ta ci, farce na kamawa a zanen.
Sabon zobe a kan tsohon miki, kwana nawa zai yi?
Telmo mai shago ya faɗi kuɗin sabon fanfo,
ya ce mako uku kafin ya iso daga Lisbon,
ya dubi fuskata, ya shiga ciki,
ya fito da gwangwanin biskit cike da tarkace.
Sanda na ciki, ta wani jirgi da ya mutu a kan duwatsu.
Kwalbar zuma ya karɓa.

Gasket ya yage, na yanko wani daga tsohuwar taswira,
tsibirin Corvo ya faɗa daidai ramin sukuru.
Na shafa sabulu a sabuwar farfela,
na lanƙwasa kunnuwanta inda za ta juya.
Na ɗaure. Na buɗe bawul.

Baba ya ciro hannu ɗaya, ya murɗa makulli.
Inji ya yi tari, ya kama.
Na ruga baya, na leƙa salansa:
shiru, hayaƙi, shiru,
sai fut! fut! teku ta fito da ɗuminta.

Na shimfiɗa takarda ƙarƙashin fanfo.
Baba na ƙirgawa a fili. Ya wuce bakwai,
ya wuce arba'in, bai tsaya ba.
Takardar a bushe.
A wajen casa'in muryarsa ta fara rawa,
ya ce hayaƙin dizal ne.
Na ce, haka ne, Baba, ni ma ya shigar min ido.