Ɗigon Kore a Hanyar Aberystwyth

Saura kashi goma sha ɗaya, in ji allon mota.
Mun baro Welshpool, gari ya fara rufawa.
Barira na gefena, waya a tafin hannunta,
akwatunanta uku a baya
da tukunyar da uwarta ta rantse sai an tafi da ita jami'a.

"Baba, akwai wurin caji mil bakwai gaba.
Kore ne, ba kowa a kai."
Na ce to. Me zan ce?
Ni da na shekara ashirin ina gane gidan mai tun daga nesa,
yau 'yar cikina ke yi mini jagora
da yatsa ɗaya.

Muka isa. Bayan wani kanti ne da ya rufe tun ƙarfe shida.
Injin na tsaye, fuskarsa baƙi ƙirin,
an manna masa takarda, ruwan sama ya lashe rubutun.
Taswira ta ce yana da rai.
Taswira ba ta halarci jana'izarsa ba.

Saura kashi bakwai.
Na kashe abin ɗumama mota, na kashe rediyo,
na koma tafiyar hawainiya.
Tumaki a kan tudu suna tuƙa suna kallonmu,
su da ba su taɓa neman soket ba.
Barira ta ware taswira da yatsu biyu, ta matse, ta sake warewa,
leɓenta na ƙasa a cije
irin na kakarta in tana ƙirga canji.

"Ga wani a ƙauyen can, gefen ɗakin taro.
Amma ja ne. Akwai mai shi."
Na ce ja ma launi ne, mu je.

Farar motar kaya muka tarar tana tsotso,
mai ita a jingine yana cin soyayyen dankali a takarda.
Ya leƙo, ya ga kashi uku, ya yi fito.
Gethin, ya ce sunansa. Mai gyaran famfo.
Gidansa mil biyu ne, abin da ya sha ya ishe shi.
Ya zare igiyar ya miƙo mini
kamar mai miƙa guga a bakin rijiya,
ya tafi bai tsaya jin ƙarshen godiyata ba.

Injin mai sanyin jiki ne.
Awa ɗaya da rabi muka zauna cikin duhu,
lamba na hawa ɗaya bayan ɗaya,
muna cin dambun naman da aka ce na sati biyu ne.
A nan ta ce tana tsoro.
A nan na ce ni ma,
maganar da ban iya faɗi ba cikin falonmu a Leicester
inda wuta ba ta taɓa yankewa.

Washegari na sauke akwatuna, na sauke tukunya.
Teku na ta surutunsa, ni ban ce komai ba.
Na dawo mota, kujerar gefe wayam,
na buɗe manhajar da hannu mai rawa,
ina shirin ɓata.

Sai ga taurari jere a kan hanya, ta sa su da dare ina barci,
kowanne da sunan da ta raɗa masa:
"Wannan mai sauri ne, akwai shayi."
"Maƙaryacin jiya, kar ka kula shi."
"Nan ka yi azahar, akwai ciyawa a baya."
Na ƙarshe, dab da gida:
"Ka kira ni in ka sa igiya."

Batir na kashi sittin lokacin da na isa na farko.
Ba na bukata.
Na tsaya, na sa igiyar,
na kira.