Jan Kwabon Arzika

A Rijiyar Ɗorowa, in la'asar ta yi sanyi,
nakan shimfiɗa baƙin ƙyalle bisa tabarma
in zube abin da shekara arba'in ta tara mini:
anini mai huda, ɗari, taro, sisi,
sulalla masu bishiyar kwakwa a baya,
da fataka guda da ta sha hannun 'yan koli.

A gefe ake riƙe su, kamar ƙwan zabo.
Gumin yatsa ma cuta ne.
Ina karkata su ga haske, madubi a ido,
ina neman inda zamani ya ciza:
wannan bakinsa ya tauye,
wannan an taɓa rataya shi a wuyan yaro,
wancan bai taɓa sayen ko ƙosai ba,
shi ne mai tsada, don bai yi wa kowa amfani ba.

Akwai guda da ba namu ba.
Kakana Arzika, dillalin fatar jar akuya,
ya karɓo shi hannun wani Ba'amurke a Ikko,
gyara kan cinikin da ya ce an cuce shi.
Jan ƙarfe, mai faɗi, da kan mace,
gashinta a warware kamar ta fito wanka.
Shekaru sun yi masa rini, launin dafaffen goro,
har nakan ƙirga silin gashin, in kai tara, in ɓata.
Labbo mai canji ya yi ta zarya:
"Sai mini shi, mi kaka yi da kwabon da ba ya sayen komi?"
Na ce sai bayan raina.

Ran Talata na tafi jana'iza Kware.
Da na dawo, Inno jikata ta tare ni a zaure,
hannunta duk toka da lemun tsami.
"Kaka, na wanke maka shi. Dubi!"

Yana walƙiya kamar sabon tasa.
Na sa madubi. Kujewa ko'ina,
silin gashin sun narke sun zama tudu ɗaya.
Kuɗin saniya ya koma kuɗin kaza.

Tana jira, haƙoranta biyu na gaba babu.
Na juya shi. Na sake juyawa.
A littafin da nake rubuta darajar kowanne,
gaban sunansa na soke "lafiyayye",
na rubuta: "Inno ta taɓa, tana shekara shida."

Labbo ya daina zuwa.
Ita kuwa kullum sai ta ce in fiddo mata nata.