Falle na Bakwai

Tun da ƙafar Baba ta daina jin maganarsa
ya ce a rufe tagar da ke kallon hanya.
Ba ya son masu zuwa kasuwar Aliero su ga
wanda ya shekara talatin yana cicciɓar buhun albasa
yau ana riƙe masa kofi.

Muka rufe. Ga bazara.
Kwanon ɗakin ya koma tanda,
fanka a rataye, ba wuta,
zufa na zana siffarsa a katifa.
In na buɗe, ya juya wa bango fuska.
In na rufe, numfashi ya yi masa nauyi.

Nomau mai walda, na kan hanyar Jega,
ya zo da abin awo, fensir a kunne.
Bai tambayi ciwo ba. Waje ya fita,
ya tsaya inda mai wucewa zai tsaya,
ya durƙusa, ya miƙe, ya yi ɗage.
"Luba ta ƙarfe," in ji shi.
"Na yi wa masu ajiyar albasa irinta.
Rana ke ƙona ta, rashin iska ke ruɓar da ita."
Na ji haushin kwatancen. Na haɗiye.

Kwana huɗu, ga ta a bayan babur:
falle goma sha ɗaya,
kowanne ya sunkuyar da kai
kamar mai gaida suruki.
Jan fentin bai bushe ba, ya bar mini shaida a riga.
Na bakwai ya ɗan karkace.
Ya ce zai dawo ya gyara.

Yanzu la'asar a yanke take shigowa,
layi-layi bisa zanen gado.
Iska na kawo ƙamshin ƙosai,
da cinikin da bai faɗa ba.
Daga kwance ƙafafu kawai ake gani,
amma Baba ya san su.
"Wancan Arzika ne, har yau yana jan ta hagu.
Waccan mai sauri ɗiyar Labbo ce, ta girma."

Ta na bakwai kuwa,
in ya raba kansa da matashi,
in wuya ya yarda,
fuska guda kan gifta, cikakkiya,
ba ta san an gan ta ba.

Nomau ya aiko jiya, wai yana tafe da guduma.
Baba ya ce in ce masa ya sha zamansa,
sannan in matso da gadon.